Jirgin da Kaka ta Wanke

Har yau, in ƙananan jiragen nan na masu koyon tuƙi suka ratsa ta saman birni da hantsi, sai in ajiye abin da ke hannuna in kasa kunne. Jikokina suna yi mini dariya, wai tsohuwa har yanzu ba ta ƙoshi da jirgin sama ba. Su dai yi ta yi. Ba sha'awa ce ke sa ni ba. Ƙarar nake bi, kuma hankalina ba ya kwanciya sai na ji ta yi nisa ta ɓace a hankali, ba yankewa ta yi farat ɗaya ba. A wurin babana na ɗauko wannan hali, a gidanmu na Ƙofar Jatau, cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin, lokacin ko ɗaurin ƙirji ban fara ba.

Gidanmu gidan malamai ne. Kakana ya rasu tun kafin a haife ni, riƙon gida ya koma hannun wan babana, wanda muke kira Baffa, marubuci a ɗakin shari'a, mutum mai rawani da kwarjini. In ya yi gyaran murya a zaure, mata a cikin gida sai su rage ƙarar daka. Babana shi ne na tsakiya, kuma shi ne bai bi layin gidan ba. Shi da ƙanensa, autan kakata, suka shiga soja, aka kai su yaƙin Bama. Su biyu suka tafi, shi kaɗai ya dawo.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin Kaka ya ji labarin mutuwar autan nan, don ba ta gajiya da ba da shi. Zazzaɓi ne, in ji ta. Ya cika, kansa na bisa cinyar wansa, da kalmar shahada a bakinsa. Wansa ya yi masa wanka da hannunsa, ya naɗe shi da farin mayafi, ya gina masa kabari yana fuskantar alƙibla, ya dasa itace a kai. Haka babana ya faɗa mata ranar da ya dawo, haka ta riƙe. Takan ƙare da cewa, "Ni kam Allah ya rufa min asiri. 'Ya'yan wasu ko inda suka kwanta ba a sani ba." Da wannan labari take kwana, da shi take tashi, kuma ina ganin shi ya hana ta bin ɗanta tun a shekarar farko.

Babana ba mai yawan magana ba ne. Ya ɗan taɓa aikin gadi a wajen birni, ya bari. Yana noma 'yar gonarsa a cikin ganuwa, yana sallarsa a kan lokaci, ba ya zagin kowa. Abin da ya raba shi da sauran mutane shi ne sassaƙar jirgin sama. Sunan Kaka aka sa mini, saboda haka ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata, kuma ni kaɗai yake bari in zauna a bakin ɗakinsa in yana aiki.

Da itacen rimi yake yi, don ba shi da nauyi, ga shi a Zariya rimi ba abin nema ba ne. Yakan jira reshe ya faɗo da iskar farkon damina, ya ajiye shi a inuwa ya bushe, sannan ya fara fiƙe shi da tsohuwar aska. Gangar jikin daban, fukafukai daban, wutsiya daban. Ya goge kowanne da tsingaro, ya bi da ganyen baure mai kaushi, har itacen ya yi santsi kamar bayan ludayi. Da ƙaro yake liƙawa, yana jiƙa shi a ɗan kasko tun da safe. Farfelar daga gwangwanin madara ya yanko ta. Tayoyin kuwa maɓallan tsohuwar rigarsa ta soja ne. Irin jirgi ɗaya yake yi kullum, ɗan ƙarami mai inji ɗaya, fukafukansa a sama, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba. Wani abokinsa tsohon soja da ke aiki a tashar jirgin ƙasa ya kawo masa ragowar koren fenti a gwangwani. Burushinsa gashin jelar akuya ne da ya ɗaure a tsinke. Har yanzu ina jin warin fentin nan haɗe da na ƙaro a cikin zafin bazara.

In ya gama fentin, wayyo, abin kallo ne. Mata sukan leƙo su riƙe baki. Baffa da kansa ya taɓa ɗaga ɗaya ya jujjuya, ya ce ikon Allah, ya kuma yanke cewa ba laifi tunda jirgi ba mai rai ba ne. Da babana yana tsayawa nan, da har yau yabonsa ake yi a unguwa. To, a wurinsa nan ne aikin ke farawa.

Sai ya shiga madafi ya kankaro kunkunniya daga jikin rufi, ya kwaɓa ta da ɗigon man gyaɗa, ya ja baƙin layi daga wajen inji zuwa baya, siriri a farko, yana faɗi yana dusashewa. Ya dama jar ƙasa da ruwan ƙaro ya fantsama a tayoyi da cikin jirgin, da ɗan yatsa yake karta gashin burushin don taɓon ya watsu yadda taɓo ke watsuwa. Ya shafa toka a saman fukafukai, wai rana ta cinye launin wurin. Ya kankare fenti da bakin aska a daidai inda ake taka ƙafa a hau. Sannan ya sa basilla a wuta ta yi ja, ya huda jikin jirgin, nan ɗaya, can biyu. Ba a rana guda yake yin wannan ba. Sai ya yi mako yana zaune yana kallon jirgin bai taɓa shi ba, rana ɗaya kuma sai ya zabura ya ɗiga ɗigo guda na baƙin mai a ƙarƙashin fiffike, ya koma ya zauna yana haki kamar wanda ya sauke buhun dawa. Jirage nawa ya fasa ya sa a murhu don bai gamsu ba, ban sani ba. Ɗaya ne ya tsira, ya shekara biyu ko fiye yana ɗora masa dauɗa kaɗan-kaɗan.

Mutanen gida suka rasa gane kansa. Mahaifiyata takan yi kuka a ɓoye. Matan gida suna cewa mai hankali ba ya gama abu tsaf sannan ya ɓata shi da hannunsa. Abin ya ƙara muni da ya fara hawa kan ganuwa bayan la'asar, ya miƙa hannu da jirgin, ya rufe ido ɗaya, yana saita shi da dutsen Kufena, yana ɗagawa yana saukewa. Yara suka gano shi. Kun san yaran birni, ba su da aiki sai wanda Allah ya jarraba. Suna binsa suna kwaikwayon ƙarar jirgi da leɓe, wasu har da jifa. Na tsane su, wallahi, wasunsu na gan su da furfura daga baya ban daina jin haushinsu ba.

A kan ganuwar nan ya faɗa mini gaskiya, wata rana da damina, gero ya yi tsawon mutum a ƙasanmu, hadari yana haɗuwa a gabas. Ni ban tambaye shi komai ba. Ina jin abin ne ya cika masa ciki, ya rasa babban da zai faɗa wa.

"Uwata," ya ce, "ƙanena ba zazzaɓi ne ya kashe shi ba. Harbinsa aka yi a ciki. Ni na ɗauke shi na sa shi a jirgin nan, da ransa, yana kiran sunana. Suka tashi ana harbinsu, hayaƙi yana fita. Akwai dutse a gabansu kamar wancan. Na ga sun nufe shi, sai itatuwa suka tare ni. Daga baya aka ce a rubuta shi cikin matattu. Babu wanda ya ce mini ga inda ya faɗi."

Na ce, "To Baba, kabarin fa?"

"Babu kabari. Me zan ce wa Inna?"

Ya bayyana mini abin da yake yi, gwargwadon yadda yarinya za ta gane. Duk tabon da ke jikin jirgin, abin da idonsa ya gani ne a ranar. Tabon kan dawo masa ɗaya bayan ɗaya, ya hana shi sakat, in ya ɗora shi a jikin itacen sai ya sauka daga kansa, ya samu ya huta. Kuma yana ganin in ya haɗa su duka daidai, ramukan harsashi a inda suke, hayaƙin a gefen da ya fito da yawan da ya yi, zai iya dubawa ya gane ko jirgi mai irin wannan rauni zai iya tsallake dutse. Ya ce saura kaɗan. Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, musamman takwarata. Na sauko daga ganuwar ina jin kamar an ɗora mini tulu cike a ka.

Ana cikin girbi magana ta kai inda za ta kai. Wani yaro ya fizge jirgin daga hannunsa a hanya, babana ya bi shi da gudu yana ihu da wani yare na sojoji da ba wanda ya sani, ya kama shi ya jijjiga shi har yaron ya saki fitsari. Bai doke shi ba, amma uban yaron ya kai ƙara wurin mai unguwa, kuma a masallaci aka fara yi wa Baffa jaje a fakaice. Baffa mutum ne da zai iya jure yunwa amma ba zai iya jure a ji tausayinsa ba. Ya sa rana. Juma'a bayan la'asar dattawan unguwa za su zauna a zaurenmu, tare da wani malami daga ƙauyen bayan Kufena wanda ke tsare masu taɓin hankali a gidansa yana yi musu magani. In suka ga hauka ne, da shi za a tafi. Kowa a birni ya san gidan, kuma kowa ya san da marin ƙarfe a ƙafa ake zama a cikinsa.

Kaka ba ta ci abinci ba tun daga ranar da ta ji. Ta rasa ɗa ɗaya, ba za ta zauna a ɗauke mata na biyu tana kallo ba. Ta bi diddigi ta ji cewa babbar hujjar da za a kawo ita ce jirgin, yadda ya ƙera shi da kyau ya dawo ya lalata. Sai ta yi irin tunanin da kowace uwa a gidan nan za ta yi. Ranar Juma'a, maza sun tafi masallaci, ni an aike ni kitso a maƙwabta, ta shiga ɗakin babana ta ɗauko jirgin daga kan dangarama.

Da na dawo, na tarar da shi a kan faifai a tsakar gida yana shan rana. Ta wanke shi da sabulun salo da soso, lungu-lungu, yadda take wanke kwanukan jerenta. Ta toshe ramukan da kakin zuma, ta goge shi da man kaɗanya. Kore shar, yana ƙyalli, kamar ranar da aka gama fentinsa. Baƙin ruwan wankin yana kwance a bakin rariya. Tana zaune kusa da shi tana murmushi, hannuwanta sun yi yaushi da ruwa.

"Takwara, zo ki gani," ta ce. "Yau sai su nuna min haukan."

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, ita kuma ta ɗauka tsoron baƙin da za su zo ne, tana ta lallashina tana cewa an gama, babu mai taɓa ubana.

Daga masallaci Baffa bai bar babana ya shiga gida ba, a zaure ya zaunar da shi har dattawa suka taru. Ina laɓe a bayan asabari. Da farko abin ya tafi lafiya. Suka tambaye shi ranar mako, ya faɗa. Suka sa shi ya karanta sura, ya karanta ba tuntuɓe. Ya ba uban yaron haƙuri da ladabi. Na ga malamin ƙauyen yana gyaɗa kai, har wani dattijo ya ce shi bai ga komai ba sai ɗan zafin zuciya irin na waɗanda suka je yaƙi. Sai Baffa ya ce a kawo jirgin.

Kaka da kanta ta kawo shi, a rufe da farin ƙyalle, ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida ta miƙa. Ta ce, "Ga shi nan, malamai. Ku duba da kyau, wannan aikin mahaukaci ne?"

Aka yaye ƙyallen. Dattawa suka yi kabbara don kyansa. Babana kuwa ya yi wani sauti da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ƙasa-ƙasa, daga cikin ciki. Ya rarrafa ya ɗauki jirgin, ya juya shi, ya sake juyawa. Ya miƙe ya dangwalo baƙin fitila daga alkukin bango, ya shafa a gefen hagu, ya tsaya, ya goge da bakin riga, ya shafa a dama, ya sake gogewa. Yana ta cewa, "Hagu ne? A'a. Dama ne? Daga ina ya fara?" Ba da kowa yake ba. Da ya ga abin ya ƙi dawowa, sai ya fara buga goshinsa da bango, sai da maza uku suka riƙe shi.

Malamin ƙauyen, in faɗi gaskiya, ba mugu ba ne. Ya jira babana ya lafa, ya matso kusa, ya ce a hankali, "Bawan Allah, wannan jirgi mene ne a wurinka? In akwai dalili, faɗa mana, mu mutane ne, za mu gane."

Magana kaɗan ce za ta fitar da babana, kuma a cikin dattawan nan babu wanda zai ji ta bai zubar da hawaye ba. Babana ya ɗaga kai, jini yana bin girarsa, ya dubi ƙofar cikin gida. Kaka tana nan tsaye, ta dafe ƙirji. Na ga ya daɗe yana kallonta. Ni na kasa daurewa, na ture asabarin na ce, "Baffa, ai jirgin nan shi ne..."

"Uwata," babana ya ce, da muryarsa ta kullum, "je ki kawo wa baƙi ruwa." Sannan ya juya ga malamin. "Ba komai ba ne, Malam. Itace ne. Ni ma ban san abin da ke sa ni ba."

Washegari da hantsi aka tafi da shi a kan jaki. Kafin tafiyar maƙeri ya zo har zaure ya sa masa mari, ina jin bugun gudumarsa daga cikin gida, mahaifiyata ta toshe mini kunnuwa da tafin hannunta amma ina ji. Sai da damina ta zo ta wuce, wata ta sake zagayowa, sannan aka dawo mana da shi. Aka ce ya warke. Ya rame, idon sawunsa duk tabo, yana tafiya da gajerun taku kamar har yanzu ƙarfen na nan. Bai sake taɓa aska ba sai don aski. Bai sake hawa ganuwa ba. Baffa ya yanka rago don godiya ga Allah, na ƙi cin naman, aka ce ina da baƙin hali, ban musa ba.

Jirgin kuwa Kaka ta ɗora shi a saman jerenta, tana goge shi duk Juma'a, tana nuna wa baƙi aikin ɗanta kafin ciwo ya kama shi. Na yi shekaru ina jin zafinta, ina kuma kwana a bayanta, don ban san yadda ake ƙin mutumin da ya yi abu saboda ƙauna ba. Ta rasu ina goyon ɗana na fari. A ciwonta na ƙarshe ma sai da ta sake ba mu labarin kabarin da ke fuskantar alƙibla, babana yana zaune a gefenta yana cewa, "Haka ne, Inna. Haka aka yi."

Yanzu ganuwar da muke hawa ta zaizaye, an yi gidajen bulo a inda gero yake. Masu ciwo irin na babana an ce akwai likitocinsu, ciwon ma har suna gare shi, ana zama a saurare su. Kwanan baya wani jikana da ke karatu a jami'a, a Kongo ta nan Zariya, ya nuna mini a wayarsa wasu manyan mutane a ƙasashen waje, da furfurarsu, suna haɗa 'yan jiragen yaƙi na roba, su yi musu fenti, sannan su bi su da baƙin hayaƙi da taɓo da tsatsa. Wai a kwalba ake sayar da dauɗar, kowace da sunanta, kuma wanda nasa ya fi kama da wanda ya sha wuya shi ake ba kyauta a tafa masa. Yaron yana ta mamaki, yana cewa, "Hajiya, kin ga gwaninta?" Na ce na gani, na miƙa masa wayarsa. Duk waɗanda suka zauna a zauren nan sun mutu, ni kaɗai na rage, shi ya sa nake faɗa yanzu da babu wanda maganar za ta karya.

Sau ɗaya na taɓa tayar masa da zancen, bayan an yi sadakar arba'in ta Kaka. Na ɗauko jirgin daga ɗakinta na kai masa, har da ɗan kasko na kunkunniya da na kwaɓa da kaina. Na ce, "Baba, yanzu ai babu mai hana ka. Ka ƙarasa, mu gani ko ya tsallake."

Ya karɓa, ya riƙe shi a cinya ya daɗe, yana shafa fiffiken da babban yatsa. Sannan ya miƙo mini abina.

"Uwata, na manta ta gefen da hayaƙin ya fito."